Yayana ɗan sanda ya rasu a bakin aiki: mun tauye shi ne da muka binne shi ba fareti?

Tambayar daga wani matashi take a Tudun Wadan Zariya. Yayansa saje ne, 'yan bindiga suka yi wa motarsu ta sintiri kwanton ɓauna da dare, ya cika nan take. Abokan aikinsa sun so a dakata har manya su iso daga Kaduna a yi masa fareti, mahaifinsu ya ce a'a, aka yi masa sutura washegari da hantsi. Yanzu wasu a dangi suna guna-gunin an binne shi kamar wanda bai yi wa ƙasa komai ba. Ya bar iyaye biyu, da mata mai juna biyu, da 'ya'ya huɗu, kuma sunan mai tambayar ne ke cikin takardar aikinsa a matsayin makusanci. Yana so ya sani: sun rage masa daraja ne? Za su iya kiransa shahidi? Me kuma ya kamata su yi yanzu don girmama shi?

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ɗana, ya haƙuri? Allah Ya jiƙan yayanka, Ya sa ƙarshen wahalarsa ke nan, Ya raya abin da ya bari. Ka miƙa ta'aziyyata ga Baba da Inna da uwar yaran.

Ni ma na sa wannan kaki har na yi ritaya, kuma shekaruna na ƙarshe a ofishin mulki na yi su, inda fayil ɗin ma'aikatan da suka rasu ke bi ta hannunmu. Na ɗauki makarar abokan aiki, na kuma ga halin da iyalansu ke shiga bayan an watse daga makoki. Da wannan idon zan ba ka amsa.

Mahaifinku bai tauye ɗansa ba ko kaɗan. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi umarni a gaggauta da gawa, ya ce idan mutumin kirki ne to alheri ake hanzarta kai shi gare shi. Hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. Haƙƙin Musulmi a kan 'yan'uwansa in ya rasu shi ne wanka, da likkafani, da salla, da kabari, kuma duk an yi wa yayanka. Masu cewa an binne shi kamar ba kowa ba su tuna da abin da suka gani da idonsu a garin nan. Sarkin Zazzau Shehu Idris ya shekara 45 a kan karaga, ya rasu ranar 20 ga Satumba 2020 a Kaduna, kuma a ranar aka kawo shi Zariya aka sallace shi aka rufe shi. Ba wanda ya ce an rage masa daraja don ba a kwana da shi ana jiran baƙi ba. Suturar da aka yi wa sarki ita aka yi wa saje, farin ƙyalle ɗaya, kabbara huɗu.

Ba raina fareti nake yi ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a sahu aka busa begila, aka sara wa abokinsa sarawar ƙarshe, ya san abin da ke tokare masa ƙirji a wannan lokaci. Ta haka rundunar ke shaida cewa wannan namu ne, a bakin aikinmu ya faɗi. Abokansa da suka nemi a jira, ƙauna ce ta sa su, kada ku riƙe su da komai. Amma fareti na masu rai ne, don su huce kuma su ƙarfafa juna, kuma ba dole sai da gawa a gabansu za su yi shi ba. Za su iya yin nasu a harabar ofis, manya kuma su zo gida gaisuwa daga baya, wanda galibi haka ake yi wa Musulmi a Arewa.

Abu ɗaya ne gaggawar binnewa kan jawo mana, shi ne a rufe mutum babu takardar likita. In an kai shi asibiti, ko Shika ne ko na Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan ko wani wuri, ka koma tun yanzu ka tabbatar akwai shaidar likita da ta faɗi ranar rasuwa da sanadinta. Mako guda bayan rasuwa wannan aikin yini ɗaya ne. Bayan shekara, likitan ya canja wuri, fayil ya shige ƙarƙashin wasu, sai ka yi ta zarya. Zan dawo kan takardu a gaba, don a nan ne yawancin iyalai ke faɗuwa.

Maganar shahada kuwa, malamanmu na zaure sun kasa ta gida biyu, kuma rashin sanin wannan rabon ne ke tayar da gardama a wurin makoki. Akwai shahidin fagen fama, wanda Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ta ce ba a yi masa wanka, ba a yi masa salla, da tufafin jikinsa ake binne shi. Akwai kuma wanda ake sa masa ran ladan shahada a lahira, amma a duniya ana yi masa duk abin da ake yi wa mamaci. Sayyidina Umar, da aka soke shi yana limancin asuba, an yi masa wanka da likkafani da salla, kamar yadda Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa, kuma ba wanda ke shakkar shahadarsa. A wannan sahu na biyu muke sa wa yayanka rai, saboda haka wankan da kuka yi masa da sallar daidai ne. Dalilin sa ran kuma mai ƙarfi ne. Annabi ya ce wanda aka kashe yana kare dukiyarsa shahidi ne, a wata ruwayar ya ƙara da mai kare jininsa da iyalinsa da addininsa. To yaya wanda ya bar shimfiɗarsa ya hau bayan mota cikin ɗarin hunturu, don direban da ya ɗauko masara daga kasuwar Giwa ya isa gida lafiya? Dukiyar da yake tsaro ba tasa ba ce, jinin da yake karewa na mutanen da ko sunansa ba su sani ba ne. Tirmizi ya ruwaito cewa idanu biyu wuta ba za ta taɓa su ba, idon da ya yi kuka don tsoron Allah, da idon da ya kwana yana gadi saboda Allah. Muna roƙon Allah Ya sa idanun yayanka suna cikinsu.

Sai dai Imam Bukhari ya ware babi guda a littafinsa yana nuna ba a yanke wa wani mutum takamaimai cewa lallai shahidi ne, domin niyya Allah kaɗai Ya san ta. Saboda haka ku ce "Allah Ya karɓi shahadarsa", ku ce "muna yi masa fatan shahada". Kuma kada wannan fata ta sa a sassauta addu'a, a ce ai ya riga ya tsira. Ya fi kowa bukatar addu'ar uwarsa a yanzu.

Ko shahidin da babu kokwanto a kansa, hadisin Muslim ya ce ana gafarta masa komai ban da bashi. A wurin jana'iza liman kan yi shela cewa duk mai bin marigayi ya zo ya faɗa, jama'a kuma su yi shiru saboda kunya. Kada ku ɗauki wannan shirun a matsayin yafiya. Ka samu abokin aikinsa da suka fi shaƙuwa, ku zauna ku biyu, ka tambaye shi dalla-dalla: mai shago a bariki, mai abincin bakin caji ofis, adashin da suke yi tsakaninsu, rancen ƙungiyar gama kai ta 'yan sanda ko na banki da ake cirewa daga albashi, ragowar kuɗin haya, kuɗin makarantar yara. Matarsa ma ta san wasu. A rubuta duka, har da waɗanda shi yake bi, domin wannan kuma dukiyar marayu ce.

Akwai maganar da sai ɗan gida zai iya faɗa maka ba tare da ka ji zafi ba. Aikinmu aiki ne da haƙƙin mutane ke saurin hawa wuyan mai yin sa: kamun da bai dace ba, mari cikin fushi, ɗan canjin da ake miƙowa ta tagar mota a shingen hanya. Ba ɗora wa yayanka komai nake yi ba, kyautata zato haƙƙinsa ne a kanmu. Amma ni da na yi aikin, abin da zan so 'ya'yana su yi mini in na kwanta dama shi ne su nema mini gafara wurin duk wanda suka ji yana da ƙorafi a kaina, su kuma fitar da sadaka da niyyar Allah Ya sauke mini nauyin da ba a san masu shi ba. In za ku yi haka, daga aljihun manya za a yi, ba daga rabon marayu ba.

Na tabbata ka riga ka ci karo da masu cewa "ai ɗan sanda ne", ko a bakin layi ko a Facebook. Koken jama'a a kan 'yan sanda ba ƙage ba ne, har zanga-zanga aka yi a kansa a watan Oktoba 2020 aka rushe sashen SARS, kuma mu da muka yi aikin mun fi kowa sanin inda ɓarakar take. Amma wanda ke kwance a kabari ba runduna ba ne, mutum ɗaya ne mai uwa da uba da 'ya'ya, kuma Annabi ya hana zagin matattu, ya ce sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. Kada ka tanka musu, kada ka shiga musayar magana da kowa a waya. Abin da ya cancanci ƙarfinka shi ne hotunan gawarsa, in akwai su suna yawo a WhatsApp. Ka roƙi duk wanda ka sani ya goge, ka nemi DPO ɗinsu ya ja kunnen yaransa, domin sau da yawa daga wurin da abin ya faru hoton ke fitowa. Yaran nan za su girma su riƙe waya. Bai kamata hoton ƙarshe da za su gani na ubansu ya zama na cikin jini ba. Haka nan ka tsare bakin matasan gidanku daga ɗora laifin a kan wata ƙabila ko wani ƙauye. Waɗanda suka yi kisan mutane ne ƙididdigaggu, hukuma ce za ta neme su, kuma kuna da damar zuwa ku ji inda bincike ya kwana. Jiharmu ta sha wuya a kan ramuwar gayya da ke faɗawa kan wanda bai ji ba bai gani ba.

Kuka ba laifi ba ne. Lokacin da labarin yaƙin Mu'uta ya zo a shekara ta 8 bayan hijira, Annabi da kansa ya sanar da faɗuwar Zaidu ɗan Harisa da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib da Abdullahi ɗan Rawaha, idanunsa suna zubar da hawaye. Ka lura da abin da ya biyo baya, don shi ne ma'aunin. Ya ce a dafa wa iyalan Ja'afar abinci domin abin da ya same su ya shagaltar da su. Bayan kwana uku ya je gidan da ƙafarsa, ya ce a kawo masa 'ya'yan ɗan'uwansa, ya sa aka kira wanzami ya yi musu aski. Kwamandan da ya faɗi a fagen fama ke nan, kuma girmamawar da aka yi masa ta tafi ne kai tsaye cikin gidansa, ga tukunyarsa da kawunan 'ya'yansa. Mu kuwa mun juya abin: gidan mamaci ke ciyar da masu gaisuwa, a ci bashin shinkafa da lemo da hayar rumfa da kujeru. Zaman makoki kwana uku ne ga kowa ban da matar mamaci. Sadakar uku da bakwai da arba'in, ka san a Zariya akwai masu yi akwai masu hanawa, kuma ba zan raba muku gida a kan wannan ba, ku bi malamin da Baba ke bi. Abin da babu saɓani a kansa shi ne ba a taɓa kuɗin maraya don a dafa wa taro abinci.

Matar yayanka ita ce ta fi kowa shiga tsaka mai wuya. Takaba wata huɗu da kwana goma ce kamar yadda ya zo a aya ta 234 cikin Baƙara, amma mai ciki iddarta haihuwa ce, ko ta zo kusa ko ta yi nisa. Asali a ɗakin mijinta za ta yi zaman. Furai'a 'yar Malik, wadda ita ma kashe mijinta aka yi a hanya, ta nemi komawa gidansu, Annabi ya ce ta zauna a gidanta har wa'adi ya cika. In a bariki suke, gidan na hukuma ne, kuma za a neme shi ko ba jima ko ba daɗe. Ku rubuta takarda tun yanzu ta hannun DPO ku nemi a ɗaga mata ƙafa har ta sauka lafiya, ku kuma fara tanadin inda za ta koma da yaran, kada sanarwar tashi ta same ku ba shiri. Sannan a daina tsare ta a ɗaki kamar fursuna. Mai takaba tana fita da rana don bukatar da ta zama dole, asibiti ko banki ko kotu, ta dawo ta kwana a ɗakinta. Na faɗi haka ne saboda akwai takardun da sai da fuskarta da sa hannunta, kuma na ga inda aka ce sai ta fita takaba, kafin nan wani a dangi ya riga ya shige gaba.

Mun taɓa kai wa wata baiwar Allah kayan mijinta, waya da agogo da carbi da hular aikinsa, ƙunshe cikin leda. Ta karɓa da hannu biyu ba ta ce uffan ba. Ƙaramin ɗanta ya zaro hular ya kifa a kai, ta rufe masa ido har hanci, yana lalube yana dariya. Ranar gidan cike yake, motoci har bakin titi, kowa na cewa ba za a bar su su wulaƙanta ba. Da aka kwana biyu na gan ta zaune a kan benci a wani ofishi, da goyo, da takardu cikin wannan ledar dai, ita kaɗai. Abin da ya tsayar da fayil ɗinta bai taka kara ya karya ba: yadda aka rubuta sunanta a banki daban, yadda mijin ya rubuta a fom daban, harafi biyu ne suka bambanta. Rantsuwa ɗaya a kotu ta isa ta warware shi, amma ba ta da wanda zai gaya mata, kuma babu namiji ko ɗaya daga cikin masu alkawarin nan da ya rako ta.

Saboda haka ka buɗe kunne a nan. Haƙƙin ɗan sandan da ya rasu a bakin aiki ba daga wuri ɗaya yake fitowa ba, kuma ba ya zuwa da kansa. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikaci ya yi masa inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na jimillar albashinsa na shekara ba. Wannan daban yake da asusun fanshonsa, inda doka ta ce a riƙa zuba aƙalla kashi 8 cikin 100 daga albashinsa, gwamnati ta ƙara kashi 10. Yawancin 'yan sanda asusunsu yana hannun kamfanin fanshon 'yan sanda, NPF Pensions, ƙarƙashin kulawar hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, kuma kafin a saki kuɗin akan nemi wasiyyar da kotu ta tabbatar ko takardar izinin kula da dukiyar mamaci, wadda sashen gado na babbar kotun jiha ke bayarwa. Akwai tallafin iyali na Sufeto Janar, wanda ake raba cakinsa tare da na inshora a hedikwatar jiha. In ana cire masa kuɗin asusun gidaje na ƙasa, kashi biyu da rabi cikin 100, shi ma ana neman a mayar wa magada. Sai ajiyarsa a ƙungiyar gama kai, da abin da ke asusunsa na banki.

Mabuɗin duk waɗannan shi ne siginar rasuwa, wato saƙon da ofishinsa ke aikawa hedikwata a Kaduna cewa wane mai lamba kaza ya rasu ranar kaza a bakin aiki. Ka je ka tabbatar an aika, ka nemi kwafi, ka duba da idonka cewa sunan da lambar aikin da ranar daidai suke, kuma an rubuta a bakin aiki ya rasu. Ka haɗa da shaidar likita, da takardar rasuwa ta Hukumar Ƙidaya, da takardar ɗaukarsa aiki, da ta ƙarin girmansa na ƙarshe, da takardun albashi na watannin baya, da lambar asusun fanshonsa, da shaidar aure, da takardun haihuwar yaran, da hotuna, da lambobin NIN da BVN na waɗanda za su karɓa. Ka yi kwafi da yawa, ka ɗauki hoton kowace a waya, kada ka bar wa kowa ta asali sai an ba ka shaidar karɓa. Duk ofishin da ka shiga ka rubuta rana da sunan teburin da ka miƙa. Bindiga da katin shaida da sauran kayan gwamnati a mayar, a karɓi shaidar an mayar. Katin cirar kuɗinsa kuma a ajiye shi, kada kowa ya taɓa. Abin da ke ciki ya zama na magada tun daga lokacin da ya cika, kuma albashin da ya shigo bayan rasuwa ana iya neman a dawo da shi.

Biyan yakan yi jinkiri, wani lokaci shekaru, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Za a samu masu zuwa su ce suna da hanya a Abuja, a ba su wani abu ko a yi kashi da su. Kada ka ba kowa sisi, kada uwar yaran ta sa hannu a takardar da ba a karanta mata ba. Ka riƙa leƙa ofishin walwala da na inshora a hedikwata da kanka, cikin ladabi, ba gajiyawa. Ƙungiyar matan 'yan sanda, POWA, ita ma ƙofa ce da matar za ta iya ƙwanƙwasawa, don akwai matan da suka bi wannan hanya kafin ita.

Yanzu ga maganar da ta shafe ka kai kaɗai, kuma ita ce mafi nauyi a duk abin da zan faɗa. Sunanka da ke takardarsa bai mai da kai magaji ba. Mafi yawanmu muna cike wannan fom ne muna kurata, ba mata ba ɗa, sai mu sa ƙane ko uba, mu manta ba mu canja ba har iyali su taru. A shari'a, matuƙar mamaci ya bar uba ko ɗa namiji, ɗan'uwa ba ya cin gadonsa. Bayan an fitar da kuɗin sutura, an biya bashi, an zartar da wasiyya in akwai, wadda ba ta wuce sulusi, wato ɗaya bisa uku, matarsa tana da tumuni, wato ɗaya bisa takwas, Baba sudusi, wato ɗaya bisa shida, Inna ma sudusi. In akwai namiji cikin yaran, a lissafin kashi 24 matar tana da 3, Baba 4, Inna 4, sauran 13 na 'ya'ya ne, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. A mazhabar Malikiyya ana dakatar da rabo har mai ciki ta haihu, don abin da ke cikin shi ma magaji ne. Kuɗin fansho da ajiya da albashi guminsa ne, gado ne kai tsaye. Kuɗin inshora da kyautar da gwamna ko rundunar za ta bayar, malamai sun yi magana biyu a kansu, ko gado ne ko na waɗanda mai bayarwa ya nufa ne. Kada ka yanke wa kanka hukunci a kan abin da kake da amfani a ciki. Ka kai duka gaban alƙalin kotun shari'a, a rubuce, gaban Baba da uwar yaran da waliyyinta. Wajen neman takardar babbar kotu ma ina ba ka shawara a sa sunan matar cikin masu kula da dukiyar, kada ya zama kai kaɗai. Yayanka ya sa sunanka ne don ya yarda da kai. Na ga gidajen da cakin nan ya raba har abada, wa da ƙane ba sa ga maciji, yaran kuma suka ƙare a tasha. Rabon marayu a killace shi a asusu da sunansu ko a saya musu abin da ba ya narkewa, fili ko gida, da takarda da shaidu.

Kada ku manta da waɗanda suke cikin motar tare da shi. In akwai mai rauni a asibiti, ka je ka duba shi, ko da Baba ba zai iya ba. Wanda ya tsira daga irin wannan dare yakan daɗe ba ya barci, yana tuhumar kansa me ya sa ba shi ba, kuma jin daga bakin dangin mamaci cewa ba su riƙe shi da komai ba magani ne babba. In kuma akwai wanda ya rasu tare da shi, ko Kirista ne daga wata jiha mai nisa da iyalinsa ke Sabon Gari ko Wusasa, ku je gaisuwa. An wuce da gawar Bayahude Annabi ya miƙe tsaye, da aka gaya masa ko wane ne, ya ce ashe ba rai ba ne? Su za su yi nasu bisa addininsu, watakila da akwati da tuta da fareti cikakke bayan makonni. Wannan nasu ne, ba abin kwatanta naku da shi ba ne.

In dangi suna son abin tunawa a bainar jama'a, akwai hanyarsa. Gwamnatin Tarayya ta ware 7 ga Afrilu a matsayin Ranar 'Yan Sanda ta Ƙasa, an fara bikinta a 2025, kamar yadda sojoji ke da 15 ga Janairu. Kuna iya rubuta wa kwamandan yankin Zariya ku nemi a ambaci sunansa cikin waɗanda za a tuna, ku kai yaran su gani da idonsu cewa aikin ubansu yana da masu ganin girmansa. Kabari dai ba a gina shi, ba a shafe shi da siminti, alamar da za a gane shi ta wadatar, kamar yadda Annabi ya ajiye dutse a kan kabarin Usman ɗan Maz'un. Kuɗin da za a kashe a allo da bugun riguna masu hotonsa, gara a haɗa a gyara rijiyar masallacin unguwa da niyyar ladan ya kai gare shi.

Kafin zangon karatu na gaba, ku zauna ku 'yan'uwansa, maza da mata, ku raba yaran huɗu a tsakaninku ta fuskar kuɗin makaranta da na Islamiyya, ba ta fuskar raba su da uwarsu ba. Kowa ya faɗi abin da zai iya da gaske, ko kaɗan ne, a rubuta a ba Baba ya riƙe. Ka je makarantarsu da kanka ka gaya wa hedimasta abin da ya faru, ka ba shi lambarka a madadin ta yayanka, don in an tashi korar 'yan bashi ko an kira taron iyaye, kai za a nema.